Rakiyar Anti Uwani

Safiyar ranar daddawa ce ta ƙare mini. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan, ba wani babban dalili ba. Azumi ya yi nisa, kullen korona ma ya yi nisa, maigidana, Abban Hanif, ya gaji da shinkafa da kaza. Tun wajen sahur yake mita, wai ko sau ɗaya ya sha ruwa da tuwo miyar kuka. Da gari ya waye na buɗe gwangwanin daddawa, sai ƙanshi kawai. Na ce bari in leƙa wajen Anti Uwani in dawo kafin rana ta take.

A Danau Kota muke zaune lokacin, cikin Kuala Lumpur. Shi yana karatun digiri na uku, gwamnati ce ta turo shi. Ni da ɗanmu Hanif muna maƙale a takardarsa. Fasfonmu duka suna ofishin makarantarsu. An kai su sabunta biza, kulle ya zo aka rufe ofishin da su a ciki. Ina saka hijabi ya ce in tafi da hoton fasfon da ke cikin durowa. Na ce masa nan da nan ne, wa zai tare ni, ai mu ba mu da laifin kowa. Na ɗaura takunkumi na fita.

Anti Uwani 'yar Fagge ce, ta kusa haifata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu a Kano. Wani ejan ne ya kawo ta da bizar wata makarantar koyon Turanci da ko ƙofarta ba ta taɓa gani ba. Makarantar ta rushe, bizar ta mutu, ita kuma ta zauna. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, duk wajenta muke samu. Ɗalibai gwauraye kuwa dambunta da wainarta ne suka riƙe su. Duk wadda ta haihu a cikinmu, ita ce uwar jego. Ita ta fara yi wa Hanif wanka ranar da muka dawo daga asibiti, ni ina zaune ina kukan ba uwata a kusa. Tana da ciwon suga, ƙafafunta kullum a kumbure.

Tun da aka fara kame hankalinta ya tashi. Da farko an ce kowa ya fito gwajin cuta, ba ruwan kowa da takardar kowa. Daga baya sai muka riƙa jin ana zagaye benaye, ana kwashe marasa takarda a manyan motoci. Labari kuma yana fitowa cewa cutar ta shiga wuraren da ake tsare su. Mai suga in ta shiga can, ba sai an gaya wa kowa abin da zai faru ba. Ita ma ta sani. Jira kawai take a buɗe jirage ta nemi hanyar komawa wajen 'ya'yanta.

Sai ta yi dabara. Gidajen benen nasu kowanne da ƙofar ƙarfe mai raga a gaban ta katako. Ta kwashe takalmanta daga waje. Ta riƙa zura hannu ta cikin ragar tana danna kwaɗo ta waje, wanda ya zo wucewa ya ɗauka ba kowa. Maƙwabciyarta Kak Mah, wata dattijuwa 'yar ƙasa, ita ke yi mata cefane. Tun ranar da aka fara kullen korona, Anti ba ta taka ƙasan benen ba.

Ni kuma a lokacin bakina bai zauna ba. Ina da baki, wannan ko a gidanmu an shaide ni. Muna da guruf a waya, mu matan ɗalibai, kullum gardamar kamen ake yi. Wasu na cewa zalunci ne a kama mutum ana tsakiyar annoba. Wasu na cewa doka doka ce. Ni ce limamiyar masu doka. Abin da na ji Abban Hanif na faɗa da abokansa nake kwashewa in ƙara gishiri in zuba.

Na isa unguwarsu da hantsi. Tsohon bene ne a bayan kasuwa, cike da 'yan Bangaladash da 'yan ƙasar Bama da 'yan Indonesiya. Titi shiru, sai babura masu kai abinci. Lif ya lalace, na hau da ƙafa har hawa na bakwai. Na ƙwanƙwasa a hankali, na faɗi sunana. Na ji jan ƙafarta. Hannu ya fito ta raga da makulli.

Ta rame. Amma tana ganina ta fara tsokana, wai ashe matar dakta na tuna talakawa, ko hanci ne ya kawo ni. Na ce hanci ne, Anti, ba zan yi ƙarya da azumi ba. Ta yi dariya har da tari. Ta ɗora wake a wuta, faten wake za ta yi wa Kak Mah na shan ruwa. Ta ƙulla mini daddawa da kuka a leda, ta ƙara yaji, ta ce na Abban Hanif ne. Mun taɓa hirar gida. Ta nuna mini hoton 'yarta a waya.

Na miƙe zan tafi, sai ta ce, tana murmushi, an ce mata ni ce mai wa'azi a guruf. Ashe wata ta tura mata abin da na rubuta. Kunya ta kama ni. Ni kuma halina, in kunya ta kama ni ba na yin shiru, gardama nake yi. Na ce ai ba da ita nake ba. Ta ce ta sani, da wa nake to?

Tana faɗa tana zura silifas. Na ce a'a Anti, ki zauna, kin san halin da ake ciki. Ta ce ita ba a raine ta haka ba, a ce baƙuwa ta hau bene bakwai da azumi a baki, ta fita ko taku biyu ba a yi mata ba. Nan da bakin matattakala ne kawai. Ta yafa ɗankwali. Ta jawo ƙofa, ba ta kulle ba.

Kowa ya san yadda rakiya take. Mai gida ba ta juyawa da kanta. Baƙuwa ce ke cewa, to ki koma haka, na gode. Magana ce da nake faɗa tun ina yarinya ba tare da na yi tunani ba. Ranar a bakin matattakala ban faɗa ba, domin ina tsakiyar bayani.

Na ce mata kowace ƙasa da dokarta. Na ce saboda marasa takarda ne ake tare mazajenmu a titi, saboda su ne masu gidaje ke hana baƙar fata haya. Ta kama ƙarfen matattakala ta sauko taki ɗaya, ta sake saukowa. Ta ce ita ba ta ce doka ba doka ba ce. Amma wanda ya yi mata bizar yana nan a unguwar Cheras da motarsa, takardarsa tsaf, ba wanda ya taɓa shi. Ta ce in leƙa kasuwar nan in ga su wa ke dakon kifi da kabeji, su wa ke wanke ƙasa. An san da su shekara da shekaru, sai da cuta ta zo aka tuna ba su da takarda.

Na ce wannan ba hujja ba ce. Muka sauka wani hawa.

Ta ce ko a gida, ba na jin yadda ake tare motocin 'yan Arewa a kudu a ce su koma inda suka fito? Na ce wannan daban, can ƙasarmu ce, muna da haƙƙi. Ta ce wanda ke cikin motar bai ga bambancin ba. Muka sauka wani hawan. Silifas ɗinta na ƙara a siminti. Numfashinta ya fara fita da ƙarfi.

A hawa na uku ta tsaya. Ta jingina da bango, ta kalli sama, ta kalle ni.

“To, Maman Hanif,” ta ce.

Na gane abin da take nufi. Wallahi na gane. Hanya ta ba ni in sallame ta. Amma akwai wata amsa da ta zo mini, mai kyau, wadda nake ganin za ta kashe bakinta.

“Tsaya Anti, ki ji wannan ɗaya,” na ce.

Ta biyo ni. Yau ko za a yanka ni ba zan iya tuna amsar ba.

Mun iso ƙasa rana ta fara zafi. Muka tsaya kusa da akwatunan wasiƙu. Ta ce kai, ashe iskar ƙasa daban ce. Ta ɗan lumshe ido. Ina ɗaga leda zan ce mata ta koma, sai na ji kasuwa ta yi tsit. Amalanken da ke ƙara a baya sun daina. Sai birkin manyan motoci, ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙarar ƙofofin ƙarfe ana saukewa. Sai usur.

Jami'an kame suka shigo da gudu ta gaban benen. Wasu da kaki, wasu cikin fararen kayan kariya tun daga kai har ƙafa, ba ka ganin ko idonsu sosai. Da kulake a hannu. Lasifika na magana da Malayanci daga waje.

“Jangan lari! Duduk! Duduk!”

Kar a gudu, a zauna, abin da suke cewa ke nan. Wani ɗan Bangaladash da ke shara ya jefar da tsintsiya ya zabura. Aka sa masa kulki a gwiwa, ya kife. Na ji ƙarar. A sama aka fara buga ƙofofi, yara suka fara kuka hawa-hawa.

A lokacin na tuna ba ni da ko hoton fasfo. Ni mai doka. Ba abin da ke hannuna sai daddawa.

Anti ta juya ta kama ƙarfen matattakala. Ta hau taki biyu. Ƙafar ta ƙi. Ni ina kusa da wani siririn lungu da ya bi ta ɗakin shara ya fita baya, ta nan na shigo ɗazu. Tsakanina da ita bai fi in miƙa hannu ba. Ban miƙa ba. Na ja da baya na shige lungun.

Daga ciki na waiga sau ɗaya. Wani ya damƙi ɗankwalinta ta baya. Ta faɗi, bakinta ya bugi gefen matattakala. Kanta ya buɗe, furfura a waje. Tana lalube a ƙasa, ɗankwalin take nema. Aka ɗaga ta, aka haɗa hannayenta da farar roba. Ba ta kalli wajen lungun ba. Ba ta kira ni ba. Na gudu.

Ɗakin shara ya kai ni bayan kasuwa. Ƙasa jiƙe da ruwan kifi. Na zame, na tashi. Mutane na gudu ta ko'ina, ba mai ihu, sai ƙarar ƙafafu da numfashi. Wani ya haura katanga, na ji faɗuwarsa a ɗaya gefen. Wata mata ta tura jaririnta ƙarƙashin teburin kayan miya, ta bi shi. Usur na matsowa.

Wani kedai, wato ƙaramin shago, na wani tsoho Ba'indiye, ƙofarsa a sauke rabi. Na sunkuya na faɗa ciki. Ya kalle ni, ya kalli waje. Ya nuna mini bayan buhunan albasa da tukwanen gas, ya ƙarasa sauke ƙofar da ƙafa.

A nan na durƙusa. Duhu, zafi, ga ƙishin azumi. Daddawar nan ta cika wurin da wari. Na tura ledar cikin hijabi na danne da ciki, wai kar warin ya tona ni. Hankalin tsoro ke nan. Takalma suka wuce ta bakin ƙofar. Aka buga ƙarfen da kulki. Tsohon ya amsa daga ciki, suka yi magana kaɗan, suka wuce.

Akwai 'yar kafa a jikin ƙofar. Na leƙa. An jera mutane a titi a tsugune, layi-layi, rana na dukansu. An haɗa wasu da sarƙa biyu-biyu. Mata a gefe guda. Na hango ta. Ba ta iya tsugunno ba, ta zauna dirshan ta miƙe ƙafafu, silifas ɗaya. Wata yarinya 'yar Bama da ke kusa da ita ta ɗora mata tawul a kai. Da aka zo loda su, mutum biyu ne suka tura ta cikin motar. Motar mai raga ce, irin ta ɗaukar kaji. Ina kallo ta tashi.

Da motocin suka ƙare, tsohon ya ɗaga ƙofa kaɗan ya ce mini, boleh, wato zan iya tafiya. Ya miƙo ruwa a roba. Na girgiza kai. Ko godiya ban yi masa ba.

Ban bi titi ba. Na bi gefen babban lambatu, ta bayan gidaje, ta ƙarƙashin gada. Duk babur da ya taho sai in maƙale a bango. Ƙafata na jini, ban san inda na yanke ba. Mai gadin gidanmu ya ɗora mini na'urar auna zafi a goshi, ya ce in wuce.

Abban Hanif ya buɗe ƙofa ya ga yadda nake. Na gaya masa an kama Anti. Ya yi salati, ya tambaya yaya aka yi, ba a kulle take ba? Na ce ta sauko ne. Ya ce me ya sauko da ita? Na shige banɗaki na sakar wa kaina ruwa. Sai bayan kwanaki na iya ba shi amsa. Ya ce ƙaddara ce. Na san tausayina ya ji.

Da yamma guruf ya cika. Wata ta ce Allah sarki Anti. Wata ta ce ai dama an gaya musu su tafi tun da wuri. Wata ta kira sunana, wai ina malamar, yau ba sharhi? Na kife wayar.

Washegari na kira Kak Mah. Da ɗan Malayancina da ɗan Turancinta muka fahimci juna. Ta ce sun hau har hawansu. Duk ƙofar da suka ga kwaɗo ta waje, bugawa suka yi suka wuce, mutanen sun yi musu yawa. Gida biyu na 'yan Bama a jerin Anti haka suka tsira, suna ciki da 'ya'yansu. Ƙofar Anti a buɗe ta same ta. Waken ya ƙone, ita ta kashe wutar. Magungunanta na kan tebur, wayarta na kan katifa.

Mun nema. Ba zan ce ba mu nema ba. Abban Hanif ya kira duk wanda ya san hanya, yana yi yana tsoron kar sunansa ya shiga wani wuri a taɓa karatunsa. Wani ya ce an kai su can wajen gari. Wani ya ce a'a, wata jiha aka wuce da matan. Ko'ina amsa ɗaya, ba ziyara saboda cuta. Na ƙulla magungunan na ba wani ejan da ya ce yana da mutum a ciki. Har yau ban san ko sun isa ba. 'Yarta ta riƙa kirana daga Kano. Kullum in ce mata ana ƙoƙari.

Aka yi ƙaramar salla a ɗaki. Aka buɗe ofis, fasfonmu suka dawo da sabuwar biza. Na riƙe nawa ina kallo, na ji kamar in jefa shi ta taga. Aka yi babbar salla.

Bayanta ne wata lambar Najeriya ta kira ni da rana, ina wanke-wanke. Muryar mace. Ta ce sunanta Hajara, 'yar Jos, kitso take yi a unguwar Sentul kafin a kama ta. Ɗaki ɗaya aka tsare su da Anti Uwani. Ita an dawo da ita gida, ta sha wuya kafin ta samu lambata.

Ta ce ɗakin a cike yake, kwanciya ma sai a gefe guda. Ƙafar Anti ta fashe. Sai tari, sai zazzaɓi. Duk da haka ita ke rarrashin yaran matan da ke kuka, tana yi musu kitso da yatsa. Wata safiya numfashi ya gagara, aka ɗauke ta a kan gadon asibiti. Ba ta dawo ba. Daga baya wata mai gadi ta gaya musu ta rasu. Hajara ba ta san ranar ba. Ba ta san wanda ya yi mata wanka ba, ba ta san inda aka binne ta ba.

Na zauna a ƙasan kicin. Famfo na zuba. Matar da ta wanke 'ya'yanmu duka, ba ɗaya daga cikinmu da ta zuba mata ruwa. Ta bar yara biyu, da ɗaki cike da kuka da kuɓewa da mai gidan ya kwashe ya zubar.

Na tambayi Hajara ko Anti ta faɗi yadda aka yi aka kama ta. Ta ce ta dai ce ta sauko rakiya ne. Ba ta ƙara komai a kai ba. Na jira. Na so a ce ta zage ni, ko sau ɗaya, in samu abin riƙewa.

Hajara ta ce saƙo ɗaya ne, shi ya sa ta neme ni. Kullum aka kawo sababbin mata, Anti sai ta ja jiki ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta ce alhamdu lillahi, ba ta ciki. Amma hankalinta bai kwanta ba, wai yarinyar ba ta da fasfo a hannu, ga ƙaramin yaro a gida.

“Ta ce in na fita in tambaye ki,” in ji Hajara. “Kin isa gida lafiya?”

Na ce mata eh, na isa. Ranar ko azahar ba a kira ba na shiga gida.